Manyan Makarantu a Ƙasar Daura: Sharhi Kan Ginin da Aka Fara Daga Sama



Gabatarwa

Wanda ya bar garin Daura a shekarar 2015 ya dawo yau, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa tun kafin ya kai ƙofar fada shi ne sababbin gine-gine da alluna masu ɗauke da sunayen makarantu. A da, in ana maganar ilmi mai zurfi a wannan masarauta, ba a wuce Kwalejin Yusufu Bala Usman da Makarantar Koyon Aikin Kiwon Lafiya, dukkansu kuwa na gwamnatin jiha ne. Mafi yawan masu neman digiri sai sun ɗaure kayansu sun nufi Katsina ko Kano ko Zariya. A shekarar 2019 aka kafa Foliteknik ta Tarayya a Daura. A watan Disamba na wannan shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin ginawa a kan kuɗi dala miliyan 50, aka kuma sa hannu a dokar kafa ta a watan Maris na 2023. Cikin shekaru ƙalilan, masarauta mai ƙananan hukumomi biyar, watau Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, ta wayi gari tana da jami'a da foliteknik da kwaleji.

Ba mu zo nan don mu ce an yi kuskure da aka kawo wa Daura makarantu ba. Masu cewa don Shugaban ƙasa na lokacin ɗan Daura ne aka kawo su, ba su faɗi abin da ya ɓoyu ga kowa ba, sai dai kuma maganarsu ba ta amsa tambayar da ta fi muhimmanci. Makarantun sun riga sun kafu, an ɗauki ɗalibai, an ɗauki ma'aikata. Shugaba Buhari ya sauka a 2023, Allah ya yi masa rasuwa a watan Yuli na 2025. Saboda haka daga yanzu makarantun nan za su rayu ne da abin da suka iya, kamar sauran takwarorinsu. Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi kan yadda aka yi wannan gini, ta nuna inda muke ganin an bar rauni, sa'an nan ta ambaci abin da makarantun za su iya yi da kansu ba tare da jiran Abuja ba. Za mu fi daɗewa a kan kwalejojin ilmi, domin su muka fi sani, a cikinsu muke aiki, kuma a ganinmu nan ne ciwon yake.

Daga Ina Aka Faro?

Yana da kyau mu tuna wa kanmu cewa babbar makarantar boko ta farko a Arewa makarantar horon malamai ce. Kwalejin Katsina, wadda aka fara a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, an kafa ta ne don ta samar da malaman da za su koyar a makarantun larduna. Ba kowane yaro ake tura wa can ba. Sai an duba an zaɓo wanda ya fi ƙwazo a lardinsa. Sir Ahmadu Bello da ya fito daga cikinta aji ya shiga a Midil ta Sakkwato. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci. Alhaji Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina kafin ya koma Zariya ga aikin talifi. Turawa suna da nasu dalilai na mulki da suka sa suka taƙaita ilmi ga 'yan tsiraru, ba kuma muna yabon wannan taƙaitawa ba ne. Abin lura shi ne tsarin da aka bi: an fara da malami, an kuma zaɓo shi daga cikin mafiya hazaƙa.

Wannan tsari ya fara sauyawa ne sa'ad da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976. An yi tanadin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka hallara. Malamai ba su isa ba, dole aka shiga horon gaggawa, aka ba mutane alli alhali su kansu ba su gama nuna ba. Mu ba a haife mu ba a lokacin, amma malamanmu da ke zaune a wannan zaure sun sha ba mu labari. Daga baya manufar ilmi ta ƙasa ta tsayar da takardar NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa, aka rufe kwalejojin da ke ba da takardar Giredi II, aka kafa Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi ta Ƙasa a 1989. A kan takarda wannan ci gaba ne, domin an ɗaga matsayin malami daga mai ilmin sakandare zuwa mai ilmin gaba da sakandare. A aikace kuwa an yi asarar wani abu. Ɗalibin tsohuwar kwalejin horon malamai yakan shafe shekaru biyar yana koyon rubutun allo da tsara darasi da riƙon aji tun yana yaro, har aikin ya zama jikinsa. Na yanzu kuwa yana zuwa ne bayan ya gama sakandare, galibi bayan ya ƙwanƙwasa wasu ƙofofi ba a buɗe masa ba.

A jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, yawancin abin da aka ƙara a shekarun baya daga sama aka ƙara shi. Jami'ar Alƙalam ta zo a 2005, jami'ar jiha da yanzu ake kira Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2006, Jami'ar Tarayya ta Dutsinma a 2011, sai ta Daura. Kowace daga cikinsu tana bukatar ɗaliban da suka iya karatu da rubutu da lissafi. Waɗannan ɗalibai kuwa daga firamaren ƙauye suke fitowa, daga hannun mai NCE.

Wa Ke Shiga Kwalejin Ilmi?

A nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. A shekarar 2025 hukumar JAMB da shugabannin manyan makarantu sun tsayar da maki 150 daga cikin 400 a matsayin mafi ƙarancin abin da za a shiga jami'a da shi, suka tsayar da 140 ga kwalejojin koyon aikin jinya, sa'an nan 100 ga foliteknik da kwalejojin ilmi. Maki 100 cikin 400 kashi ɗaya ne cikin huɗu. Ma'anar wannan ita ce ƙasa ta yarda cewa wanda ya faɗi kashi uku cikin huɗu na jarrabawa ya isa a horar da shi ya koyar da 'ya'yanta. Ba wanda zai yarda a ɗauki irin wannan ɗalibi a koya masa tuƙin jirgin sama a Zariya, amma mun yarda a miƙa masa yara sittin ko fiye.

Duk da wannan sassauci, ɗaliban ba su zuwa. A watan Agusta na 2025, lokacin da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya har tsawon shekaru bakwai, Ministan Ilmi ya bayyana cewa akwai kwalejojin ilmi fiye da 60 a ƙasar nan waɗanda ko mutum ɗaya bai nemi shiga cikinsu ta hanyar JAMB ba. Dalilin ba boyayye ba ne. Yaron Sandamu ko Zango yana ganin yadda malamin firamaren garinsu yake rayuwa. Yana ganin shi da rana a aji, da yamma a bakin tasha yana acaɓa, ƙarshen wata kuma a gaban mai shago yana roƙon a ƙara masa kwana. In aka buɗe jami'a da foliteknik a ƙofar gidansu, ina zai nufa? Saboda haka zuwan sababbin makarantu Daura, duk da alherinsa, ya ƙara tsame masu ƙwazo daga hannun kwalejojin ilmi. Abin da ya rage shi muke karɓa, mu horar, mu mayar ƙauye, ya koyar da yaran da gobe jami'ar za ta yi kukan cewa ba su iya komai ba. Zagaye ne, kuma kowace kewayawa ƙasa yake yi.

Bari mu ba da misali da abin da idonmu ya gani. An tura mu duba ɗalibanmu masu koyarwar gwaji a wata firamare da ke can gabashin masarautar nan, kusa da iyaka. Muka tarar da ɗalibarmu ta rubuta darasin lissafi da Turanci a allo, ta kwafo shi daga littafi harafi bayan harafi, tana karantawa yara suna maimaitawa. Muka tambayi wani yaro da Hausa: in kana da goro bakwai ka ba babanka uku, saura nawa? Bai ko yi jinkiri ba ya ce huɗu. Muka nuna masa wannan tambaya a allo, da lambobinta da alamar ɗebewa, ya sunkuyar da kai. Yaron ya iya lissafi, kasuwa ta koya masa. Abin da ba a koya masa ba shi ne cewa abin da ke allo da abin da ke kansa abu ɗaya ne. Da muka keɓe da ɗalibar muka tambaye ta dalilin da ya hana ta bayani da Hausa, sai ta ce tana tsoron kada mu rage mata maki. Ba laifinta ba ne. Shekara biyu da rabi tana hannunmu, ba mu taɓa nuna mata yadda ake koyar da ɗebewa da harshen da yaro ke ji ba. Mun dai ba ta tarihin masana ilmin halayyar yara na Turai da Amurka ta haddace, ta kuma rubuto mana su daidai a jarrabawa.

Batun harshe kuwa gwamnati kanta ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. A 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa dukan shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma aka ba da sanarwar soke shi, aka koma ga Turanci. An ce harshen uwa ne ya jawo faɗuwa jarrabawa. Mu dai a azuzuwan da muka shiga ba mu ga an gwada shi ba balle a ce ya kasa, domin ba littattafai, ba kuma malaman da aka horar don haka. Ko wace manufa ce ke aiki, malamin Baure zai ci gaba da haɗuwa da yaron da Hausa ko Fulatanci kaɗai yake ji, kuma dole ya san yadda zai haye da shi zuwa Turancin.

Malamai da Kuɗi

Gini yana tashi cikin shekara biyu, malamin jami'a kuwa ba ya samuwa ƙasa da shekara goma bayan digirinsa na farko. Duk sabuwar makarantar da aka buɗe, daga tsofaffin take ɗibar malamanta, domin ba wata rijiya dabam da ake ɗebo su. Jami'a takan ɗauko daga wata jami'ar da foliteknik da kwaleji, kwaleji kuma ta ɗauko daga sakandare, sakandare ta zauna da 'yan hidimar ƙasa. Mun ga abokan aikinmu da dama da suka tafi ƙaro ilmi da kuɗin da aka ware wa kwaleji, suka dawo da digirin dakta, suka cika shekarun da aka ɗaure su da su, sa'an nan suka yi sallama suka koma jami'a. Ba mu ga laifinsu ba, kuma ba za mu rantse cewa mu ba za mu yi haka ba in lokacinmu ya zo. A jami'a ne ake zama farfesa, a can ne farfesa ke aiki har shekara 70, a can ne kuma jama'a ke ganin girman mutum. Inda malamai ba su isa ba sai a koma ga malaman ziyara, mutum ɗaya yana koyarwa a makarantu biyu ko uku, ya zo ya dunƙule darasin wata guda cikin kwana biyu ya kama hanya. Ɗalibin da ke da tambaya sai ya riƙe ta har wani watan.

Game da kuɗi, kowa ya san cewa ba don asusun TETFund ba da yawancin makarantunmu sun zama kufai. Asusun ya samo asali ne daga harajin ilmi na kashi 2 cikin ɗari da aka ɗora wa ribar kamfanoni a 1993, sakamakon gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i, aka kuma sake masa fasali a 2011 ya koma na manyan makarantu kaɗai. Ana raba shi kashi huɗu, biyu ga jami'o'i, ɗaya ga foliteknik, ɗaya ga kwalejojin ilmi. Sai dai asusun gini yake yi da sayen kayan aiki da horar da malamai da tallafa wa bincike. Ba ya biyan albashi, ba ya sayen man janareta, ba ya biyan kuɗin wuta. Wannan shi ya sa za ka shiga makaranta ka ga babban ɗakin kwamfuta, kujeru sababbi da ledarsu, amma a kulle, domin ba wutar da za a kunna su. Shugaban makaranta ya fi son sabon gini da za a zo a yanke kyalle a ɗauki hoto, a kan gyaran famfon ɗakin kwanan ɗalibai mata, wanda ba mai gani. Haka kuma kowace sabuwar makaranta da aka kafa, cokali ne aka ƙara a cikin ƙwarya ɗaya.

Ba za mu daɗe kan yajin aiki ba, an yi maganarsa da yawa. Ya isa a tuna cewa jami'o'in gwamnati sun rufe wata tara a 2020, suka sake rufewa wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Asusun ba ɗalibai rance da aka fara a 2024 ya rage wa wasu iyaye nauyi, amma rance biya ake yi, kuma ɗan manomin da ke ganin masu digiri zaune a majalisar unguwa yana da dalilin yin tunani kafin ya sa hannu.

Akwai kuma namu laifin, wanda ba gwamnati ta ɗora mana ba. Mu ne muke buga 'yan takardu mu tilasta wa ɗalibai saya, wanda bai saya ba ya san makomarsa. Mu ne muke karɓar kundin kammala karatu da muka san a shagon kwamfuta aka sauya masa suna da shekara, mu sa hannu don ɗalibai arba'in ne a wuyanmu. Mu ne muke haɗa kuɗi mu biya a buga mana maƙala a mujallar da ba mai karantawa, mutum biyar a kan shafi shida, don lokacin ƙarin girma ya gabato. Wanda aka raɗa wa babbar kwalejin garin nan sunansa, Dokta Yusufu Bala Usman, ya yi suna ne da bin diddigin hujja da ƙin karɓar magana don wane ne ya faɗe ta. Yana da kyau mu riƙa tuna haka duk sa'ad da muka wuce ta gaban allon.

Makaranta da Ƙasar da Take Zaune a Kai

Tambaya ta gaba ita ce: me ya haɗa waɗannan makarantu da ƙasar Daura ban da filin da aka gina su a kai? Dalilin kafa Jami'ar Sufuri shi ne samar da injiniyoyi da ma'aikatan da za su riƙe hanyoyin jirgin ƙasa da ake shimfiɗawa, kada a dawwama ana dogaro da baƙi. Dalili ne mai kyau, musamman ganin cewa layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, an tsara shi ya ratsa ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Amma tun 1986 akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya a Zariya, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero sun daɗe suna koyar da aikin injiniya. In sabuwar jami'ar ta tsaya ga maimaita abin da waɗancan ke yi, da ƙarancin malamai da ƙarancin kayan aiki, to ba ta da hujjar da za ta kare kanta ranar da kuɗi suka yi wuya. Haɗarin da ke gaban duk wata makaranta ta musamman a ƙasar nan shi ne ta fara buɗe sassan da ba su da tsada don ta tara ɗalibai da kuɗin rajista, har a manta abin da aka kafa ta dominsa. Mun ga yadda jami'o'in fasaha da na aikin gona suka yi ta faɗawa wannan rami.

Alhali kuwa abin nazari yana nan a ƙofar gida. Sufuri a ƙasar Daura ba jirgi ba ne kaɗai. Akwai manyan motocin da ke ɗibar shanu da raƙuma da tumaki daga kasuwar Mai'aduwa zuwa kudu, akwai hada-hadar iyakar Kwangwalam, akwai amalanken shanu da har yau shi ke fito da gero daga gona, akwai babura masu ƙafa uku da suka cika gari. Nawa ne kuɗin kai sa ɗaya daga Mai'aduwa zuwa Legas, kuma kashi nawa na kuɗin ke tafiya a shingayen hanya? Me rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 ya yi wa direbobi da 'yan kasuwar wannan yanki? Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibi zai iya bincikawa da kuɗin mota kaɗan da littafin rubutu, kuma ba wata jami'a a duniya da ta fi ta Daura kusa da amsarsu. Haka foliteknik take da madatsun ruwa na Sabke da Daberam, da matsalar kwararowar hamada, da famfunan burtsatse masu aiki da hasken rana da ke lalacewa a ƙauyuka a rasa mai gyara.

Ta fuskar tarihi da harshe ma haka abin yake. Garin da ake kira tushen Hausa Bakwai, mai rijiyar Kusugu, mai tarihin sarautar da ta rabu zuwa Zango da Baure bayan jihadi ta sake haɗuwa a 1906, har yau babban littafin da ake komawa gare shi kan tsarin mulkinsa shi ne The Affairs of Daura na M. G. Smith, wanda aka buga a 1978 da Turanci. Tsofaffin da suka san abin da Smith bai ji ba suna ta ƙarewa. Karin harshen Dauranci, da waƙoƙin fada, da na noma, da rubuce-rubucen ajami da ke cikin gafakar malamai, duk suna jiran mai tattarawa, mu kuwa muna ba ɗalibai taken bincike iri ɗaya shekara da shekaru.

Har ila yau, ana mantawa cewa Daura gari ne na iyaka. Matamaye da Magarya sun fi kusa da ita a kan garuruwa da yawa na jihar Katsina, Damagaram kuma tana da jami'arta. A 2025 Jamhuriyar Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Wannan yana nufin za su bukaci malaman Hausa da littattafai da ƙamus na fannoni, mu kuma muna bukatar malaman Faransanci. Siyasar gwamnatoci takan yi zafi ta yi sanyi, amma auratayya da kasuwa ba su tsaya ba.

Abin da Ke Hannunmu

Ƙarin albashin malamin firamare ba ya hannun shugaban kwaleji, haka ma makin JAMB. Amma akwai abubuwan da ba su bukatar sa hannun kowa a Abuja. Na farko, makarantun da ke Daura, na tarayya da na jiha, suna zaune ne a gari ɗaya, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci a babur. Ba dalilin da zai sa kowace ta nemi nata babban ɗakin karatu da nata ɗakin gwaje-gwaje alhali ba mai iya cika nata. Yarjejeniya a rubuce za ta iya ba ɗalibin kwaleji damar shiga ɗakin karatun jami'a, ta ba ɗalibin jami'a damar taɓa injin da ke foliteknik, a kuma san cewa malamin lissafin da ke koyarwa a wurare biyu yana yi ne da sanin kowa, an ƙayyade masa sa'o'i. Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, uba ne ga dukkansu, kuma zaure ɗaya a fada ya isa ya tara shugabanninsu sau biyu a shekara.

Na biyu ya shafi mu masu horar da malamai kai tsaye. Tun da mun san irin ɗalibin da muke karɓa, yaudarar kai ce mu fara masa da falsafar ilmi a makon farko. Zangon farko gaba ɗaya ya kamata ya tafi ga karatu da rubutu da lissafi, da Hausa da Turanci, a ƙananan rukunoni, kada kuma wanda bai haye ba ya wuce gaba ko da yawan ɗalibanmu zai ragu. Mun san wannan zai taɓa kuɗin shiga, shi ya sa ba a son maganar. Dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilmi na tarayya ikon ba da digiri da kansu za ta iya jawo ɗalibai, amma muna tsoron kada kowa ya ruga ga digirin a bar NCE ta zama 'yar bora, alhali ita ce ke kai malami aji ɗaya.

Akwai alheri guda da bai kamata a manta ba, wanda kuma shi ne babbar hujjar masu goyon bayan kawo makarantu kusa da gida. Uban da ba zai taɓa barin 'yarsa ta tafi Zariya ba yakan bar ta ta je makarantar da za ta dawo gida kafin magariba. Matan aure ma haka. Waɗannan su ne za su zauna a garuruwansu su koyar, ba za su nemi canjin wurin aiki zuwa birni ba. Kwalejin da ta tsara darussanta ta yadda mai goyo za ta iya halarta, ta tanadi ɗaki da mai kula da jarirai, ta kuma daidaita jadawalinta da damina saboda 'ya'yan manoma, za ta sami ɗaliban da a yanzu ba su cikin lissafin kowa.

Sai koyarwar gwaji, wadda a yanzu ta zama al'ada kawai: a tura ɗalibi zango guda, malami ya leƙa shi sau ɗaya ko biyu in an biya kuɗin mota, ya cika fom ya dawo. Shawararmu ita ce kowane sashe na kwaleji ya ɗauki firamare biyu ko uku a ƙananan hukumomin nan biyar ya riƙe su shekara biyar cur. Can zai riƙa tura ɗalibansa, malaman sashen su riƙa shiga aji da kansu suna koyar da yara a gaban ɗaliban, a auna karatun yaran a farkon shekara da ƙarshenta, a rubuta abin da aka samu. Daga nan kundin ɗalibi zai fito, daga nan maƙalar malami za ta fito, kuma kwamitin ƙarin girma ya ƙidaya wannan aiki kamar yadda yake ƙidaya takardun da aka buga. Kuɗin da ake bukata na man mota ne da alli da takarda. Mun lissafa wa sashenmu, bai kai abin da muka kashe wajen buga jaka da kalanda na taron bara ba.